Hoton ƙashi ya ce gaɓar ba ta cinye ba, amma kwatangwalo na ciwo: me MRI zai ƙara?

Wata malamar firamare 'yar shekara 27 ta rubuto cewa shekara biyu ke nan tana fama da ciwo a matsematsinta na hagu, musamman in ta daɗe tsaye gaban allo ko ta yi doguwar tafiya. Wani lokaci takan ji abu ya yi ƙas a ciki, ƙafar ta so sagewa. An ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce ƙoƙon kwatangwalonta bai yi zurfi ba tun fil azal, amma gaɓar ba ta cinye ba tukuna. Duk da haka ya tura ta MRI, irin wanda ake yin allura a cikin gaɓar. Tambayarta ita ce, tunda hoton farko ya nuna babu lalacewa, me zai sa ta sake kashe kuɗi, har da allura?

Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Aikina karanta hotunan asibiti ne, kuma kwatangwalo irin naki yana cikin abubuwan da nake daɗewa a kansu. Likitanki yana kan hanya. Dalilin kuwa shi ne hoton ƙashi ba ya ganin guringuntsi sam, kuma guringuntsin nan shi ne zai yanke hukuncin irin maganin da ya dace da ke.

Ki ɗauki gaɓar kwatangwalo kamar turmi da taɓarya, sai dai turmin a kife yake. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani ƙoƙo da ke jikin ƙashin ƙugu. Fuskokin biyu duk a lulluɓe suke da guringuntsi, irin farin abin nan mai santsi da kike gani a kan ƙashin cinyar kaza. A kwatangwalon babban mutum kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Mafi yawansa ruwa ne, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, sai zaruruwan kolajin da suka yi masa saƙa, sai wasu sinadarai da ake taƙaita sunansu da GAG, waɗanda aikinsu jan ruwa da riƙe shi. Su ne ke sa guringuntsi ya zama kamar soso mai tauri: a danna shi ya ɗan saki ruwa, a ɗaga ya sake tsotsa. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa in ya lalace ba ya tofowa yadda fata ke yi. Babu kuma jijiyar jin zafi, don haka yakan daɗe yana lalacewa mai shi bai sani ba. A bakin ƙoƙon kuma akwai wani zobe na nama mai tauri, leɓen ƙoƙo, wanda ke ƙara zurfi yana kuma riƙe ruwan gaɓa. Shi yana da jijiyoyin jin zafi, kuma sau da yawa shi ne ke fara kai ƙara.

To idan ƙoƙon bai yi zurfi ba, rufinsa bai rufe kan ƙashin cinya yadda ya kamata ba. Nauyin da ya kamata ya bazu a faffaɗan wuri sai ya taru a bakin ƙoƙon, ta sama da gaba. Duk wadda ta taɓa daka a turmin da ba shi da zurfi ta san bakinsa ne ke fara tsagewa. Leɓen yakan kumbura ya yi kauri don ya taimaka wajen ɗaukar nauyin da ba nasa ba, daga baya ya yage, ruwan gaɓa ya bi ta yagar ya taru ya zama ƙulli a gefe. Guringuntsin da ke maƙwabtaka da shi kuma ya fara rasa sinadaransa, ya yi laushi, sannan ya ɓamɓaru daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa alhali samansa na nan sumul. Kin san yaɓen siminti da ya saki bango: ido yana ganinsa lafiya lau, sai an ƙwanƙwasa a ji yana amo. Wannan matakin ne hoton ƙashi ba ya kamawa.

Ba raina hoton ƙashi nake yi ba. Shi ne tushe, kuma wanda ya tsallake shi ya tafi MRI kai tsaye ya yi gaggawa. Amma sai an ɗauke shi daidai: ƙugun gaba ɗaya, kina tsaye, ƙafafu sun ɗan juya ciki, ƙugun bai karkace ba. A kansa muke auna kusurwar da wani likitan Suwidin, Gunnar Wiberg, ya bayyana a 1939. Ana ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya a miƙe zuwa sama, a ja wani zuwa bakin rufin ƙoƙon, a auna tsakaninsu. Daga digiri 25 zuwa kusan 40 lafiya ne. Tsakanin 20 da 25 yana kan iyaka. Ƙasa da 20 ƙoƙon bai cika ba. Muna kuma auna gangaren rufin, wanda ake kira kusurwar Tönnis. In ya haura digiri 10, rufin ya tashi sama maimakon ya kwanta, kan ƙashin yana samun hanyar zamewa waje. Akwai wani hoton da ake ɗauka kina tsaye a karkace, wanda ke nuna yadda rufin ya rufe ta gaba, domin wasu ta gefe suna da rufi, ta gaba ne babu. In ba a yi miki shi ba, ki tambaya.

Game da guringuntsi kuwa, abin da hoton ƙashi ke nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, mu kuma mu yi hasashen cewa guringuntsi ne ya cike ta. In tazarar ta ragu, ƙashi ya yi fari ya yi tauri a ƙarƙashi, ko ya fara fitar da tsiro a gefe, ko ramuka suka bayyana, mun san gaɓar ta cinye, kuma akwai ma'auni daga 0 zuwa 3 da muke sa ta a kai. Matsalar ita ce kafin tazarar ta ragu har ido ya gani, ɓarnar ta yi nisa. Akwai kuma wani abin da ke ruɗar mutane a irin ciwonki: guringuntsin ƙoƙon da bai cika ba sau da yawa ya fi na lafiyayye kauri, musamman ta bakin. Saboda haka tazarar takan fito da kyau, har ta burge, alhali abin da ke ciki ya fara ruɓewa. Da likitanki ya ce gaɓar ba ta cinye ba, abin da yake nufi shi ne ba ki kai matakin ƙarshe ba. Labari ne mai daɗi, amma bai amsa tambayar lafiyar guringuntsin ba.

Sikanin da ake yi da na'urar duba ciki ba zai taimaka nan ba, domin sautinsa ba ya ratsa ƙashi. Iyakarsa ya nuna ruwa a gaɓa da ɗan gefen leɓen ta gaba. A jarirai ne yake sarki, tun da Reinhard Graf na Ostiriya ya fito da hanyar auna ƙugun jariri da shi a 1980, saboda a watannin farko kan ƙashin cinya duk guringuntsi ne. Nan zan ɗan ratse in ce goyon da iyayenmu mata ke yi, ƙafafun jariri a buɗe a bayan uwa, shi ne ainihin zaman da ke taimaka wa ƙoƙo ya yi zurfi, kuma ciwon ya fi yawa a al'ummomin da ke naɗe jariri tamau ƙafafu a miƙe. Amma goyo bai hana shi kwata-kwata ba. 'Ya'ya mata, 'yan fari, waɗanda suka zo ta ƙafa ko ta ɗuwawu, da waɗanda ke da shi a dangi sun fi haɗari, kuma ɓangaren hagu ya fi kamuwa. In Allah ya ba ki haihuwa, ki gaya wa likitan yara tun ranar farko. Shi kuwa hoton CT gwani ne wajen nuna siffar ƙashi ta kowane gefe, likitan tiyata yakan so shi lokacin tsara aiki, amma guringuntsi ba ya fita a cikinsa sai an zuba ruwan hoto a gaɓar, ga kuma radiyeshan a ƙugun mace mai shekarun haihuwa.

MRI yana aiki ne da maganaɗisu, babu radiyeshan, kuma abin da yake gani shi ne ruwan da ke cikin nama. Tunda guringuntsi kusan duk ruwa ne, yana fita. Sai dai kwatangwalo yana cikin gaɓoɓin da suka fi wahalar ɗauka. Yana da zurfi cikin jiki. Guringuntsinsa siriri ne ƙwarai in aka kwatanta da na gwiwa. A lanƙwashe yake kamar ƙwallo, don haka in aka yanka hoton a miƙe, kowane yanki yana gauraya guringuntsi da ƙashi. Sannan na kan cinya da na ƙoƙo a matse suke da juna, sai su fito kamar shimfiɗa ɗaya. Don haka ba kowane MRI ne zai amsa tambayarki ba, kuma wannan ne wurin da na fi son ki buɗe kunne.

Na farko ƙarfin na'ura. Ana auna shi da tesla. Don guringuntsin kwatangwalo ana bukatar tesla 1.5 a ƙalla, tesla 3 ya fi. Da yawa daga na'urorin da ke cibiyoyin hoto a ƙasar nan ƙanana ne, masu tesla 0.2 zuwa 0.35. Suna da amfaninsu a wasu abubuwan, amma ba za su nuna miki ɓamɓarewar milimita ɗaya ba. Na biyu, a ɗauki gaɓar ita kaɗai, a matso kusa, da na'urar karɓar sigina da aka ɗaura a kan kwatangwalon. Hoton ƙugu gaba ɗaya yana nuna ɓangarorin biyu, amma kowanne ƙarami. Na uku, a yi yankan da ke zagaya wuyan ƙashin cinya kamar hannun agogo. Da shi ne muke iya cewa ɓarnar tana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3, wato sama da gaba, inda ta fi zama a irin ciwonki.

Allurar kuma ga abin da take yi. Za ki kwanta rigingine, a wanke matsematsin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kashe zafin fatar. Likita zai bi da siririyar allura yana kallon ta a sikanin ko a na'urar hoton ƙashi mai motsi har ta shiga jakar da ta lulluɓe gaɓar, ya zuba ruwa kimanin mililita 10 zuwa 15, wanda aka gauraya da ɗan sinadarin gadoliniyam, mai fitowa fari a hoton MRI. Za ki ji gaɓar ta cika ta yi nauyi. Daga nan a kai ki na'urar ba tare da ɓata lokaci ba, ki kwanta shiru na wajen rabin awa ko fi, ana ta ƙara kamar injin niƙa, za a ba ki abin toshe kunne. Ruwan nan yana buɗa jakar, yana shiga duk wata tsaga. Inda leɓe ya yage, sai mu ga farin layi ya ratsa shi. Inda guringuntsi ya saki ƙashi kuma akwai ƙofa, ruwan ya kutsa ƙarƙashi ya zana mana shi. A wasu cibiyoyin ana ɗaura nauyi a ƙafa a ɗan ja ta yayin ɗaukar hoton, don fuskokin biyu su rabu ruwan ya shiga tsakani. Wannan yana ƙara fito da guringuntsin ƙoƙo sosai. Bayan an gama, gaɓar takan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Shigar ƙwayar cuta abu ne mai wuyar faruwa, amma in kika ji zazzaɓi da ciwo mai ƙaruwa, kada ki kwana a gida.

Ko da an yi duk wannan, MRI ya fi ƙwarewa a kama yagewar leɓe fiye da ɓarnar guringuntsi. Ɓamɓarewar da samanta bai fashe ba tana iya ɓuya, sai likitan tiyata ya shiga da kyamara ya taɓa wurin ya ga yana motsi kamar ledar ɗaki da gam ya sake ta. Don haka in rahoto ya ce ba a ga komai ba, a haɗa shi da abin da jikinki ke faɗa da abin da likita ya ji da hannunsa.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah, shekarunta sun ɗan fi naki, ta zo da faifan MRI da ta yi a wata cibiya da rahoto mai layi uku: babu abin damuwa. Kuɗin adashenta ta kwashe ta yi shi. Da na buɗe, hoton ƙugu ne gaba ɗaya a ƙaramar na'ura, kan ƙashin cinyar bai fi girman kwabo ba a allon. Na ji nauyin gaya mata sai ta sake, domin na ga yadda ta riƙe jakarta. Da aka sake shi yadda ya kamata, ga leɓe a yage ta sama, ga ƙullin ruwa a gefensa, ga guringuntsin ƙoƙo ya fara saki a ɗan wuri, sauran kuwa na nan da kyau. Shekara guda ta yi tana shan maganin sanyin ƙashi bisa wancan rahoton. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda aka tura ya tambayi ƙarfin na'ura kafin ya biya.

Akwai mataki na gaba, wanda ke duba ingancin guringuntsin tun kafin siffarsa ta canja. Mafi shahara a ciwonki shi ne dGEMRIC, wanda masu bincike a Boston ta Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1990. Dabarar tana da kyau. Sinadaran GAG suna ɗauke da cajin lantarki, irin gadoliniyam ɗin da ake amfani da shi ma yana ɗauke da caji iri ɗaya, don haka suna korar juna. Ana yin allurar ta jijiya, mutum ya yi tattaki na minti 10 zuwa 15, a jira sinadarin ya ratsa gaɓar, sannan a ɗauki hoto. Inda GAG ke da yawa, gadoliniyam ba ya samun shiga. Inda suka zube, yana taruwa. Kwamfuta ta mayar da wannan taswira mai launi, kowane wuri da lambarsa. A 2003 Young-Jo Kim da abokan aikinsa a asibitin yara na Boston suka nuna cewa lambar tana yin ƙasa gwargwadon tsananin ciwo da kuma ƙarancin rufin ƙoƙo, abin da tazarar hoton ƙashi ba ta nuna ba. A 2006 kuma rukunin ya nuna cewa waɗanda lambarsu ta yi ƙasa kafin tiyatar gyara su ne aikin ya fi gaza musu da wuri.

Amfani da shi ya ragu a 'yan shekarun nan. A 2017 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta dakatar da allurar jijiya ta wasu nau'o'in gadoliniyam, har da wanda aka gina dabarar a kansa, saboda an gano ɗan burbushinsu yana zama a ƙwaƙwalwa. Wanda ake zubawa a cikin gaɓa, mai ƙanƙanin adadi, ba a hana shi ba. Shi ya sa hankali ya ƙara komawa ga hanyoyin da ba sa bukatar allura, kamar taswirar T2, wadda ke nuna yawan ruwa da yadda saƙar kolajin ta wargaje. Waɗannan duk sun fi zama a manyan cibiyoyin bincike. In ba a same su inda kike ba, kada ki damu. Kyakkyawan hoton ƙashi a tsaye da MRI na gaɓa da aka yi daidai sun isa a yanke shawara a mafi yawan mutane.

Shawarar kuwa babba ce. In guringuntsin yana da sauran lafiya, ana iya yin tiyatar da Reinhold Ganz ya fara a Bern ta Suwizalan a 1984: a yanka ƙashin ƙugu kewaye da ƙoƙon, a juya ƙoƙon ya rufe kan cinya da kyau, a ɗaure da kusoshi. Gaɓarki ce ta asali, an dai gyara mata zama. An bi sawun kwatangwalo 75 na farko da aka yi wa aikin: bayan shekara 20 kimanin kashi 60 cikin ɗari suna nan ba a canja su ba, bayan shekara 30 kimanin kashi 29. Waɗanda aikin ya fi gaza musu su ne waɗanda suka manyanta da waɗanda gaɓarsu ta riga ta cinye kafin a taɓa su. Aikin babba ne, jinyarsa watanni ce a kan sanduna, kuma yin sa a kan guringuntsin da ya mutu wahala ce kawai. In kuwa ɓarnar ta yi nisa, sai a lallaɓa da gashi da magani har lokacin sa gaɓar roba da ƙarfe, wadda ita ma tana da wa'adi, kuma mai shekara 27 za ta iya bukatar a sake ta. Akwai kuma wani tarko: a ga leɓe ya yage a MRI, a shiga da kyamara a ɗinke ko a yanke shi, a bar ƙoƙon yadda yake. In ƙoƙon bai cika ba sosai, leɓen zai sake yagewa, gaɓar ma tana iya ƙara sakwarkwacewa. Shi ya sa hoton ƙashi da MRI tare ake karanta su.

A ƙasarmu MRI yana da wani amfanin da ba zan tsallake ba. Ba duk ciwon kwatangwalo ne daga ƙoƙo ba, ko da ƙoƙon bai cika ba. Sikila tana kashe kan ƙashin cinya ta hanyar toshe masa jini, kuma masu nau'in SC sukan kai girma ba su san suna da ita ba. Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, masu ɗauke da deksametason, suna jawo irin wannan mutuwar ƙashi. Tarin fuka ma yana kama kwatangwalo. Duk waɗannan MRI yana kama su tun hoton ƙashi na nan fes. In ba ki san rukunin jininki na sikila ba, ki gwada. Sau da yawa kuma ana haɗa maganin kashe zafi cikin ruwan allurar: in ciwon ya ɗauke na 'yan sa'o'i bayan an zuba, alama ce mai ƙarfi cewa daga cikin gaɓar yake fitowa. Ki lura da wannan, ki rubuta, ki kai wa likitanki.

Kafin ranar, ki gaya musu in kina da ciki ko kina zato, domin ana kauce wa gadoliniyam a lokacin. Ki faɗi in kina da ciwon ƙoda, ko kin daɗe kina shan diklofenak da ire-irensa daga kemis, ko kina shan maganin tsinka jini, ko akwai ƙarfe ko na'ura a jikinki. Ki roƙi likitanki ya rubuta a takardar cewa ƙoƙon bai cika ba kuma guringuntsi da leɓe ake nema, don mai ɗaukar hoto ya san inda zai matsa. Ki tafi da hoton ƙashinki, ki kuma karɓi faifan hotunan, kada ki tsaya ga rahoto kaɗai, saboda likitan ƙashi zai so ya gani da idonsa. In kina kusa da Kano, asibitin ƙashi na Dala wuri ne da za a duba ki a kuma nuna miki inda ake da na'urar da ta dace. Zuwa lokacin, ki rage tsayuwa mai tsawo, ki sa kujera kusa da allo, ki bar gudu da tsalle, kuma kada ki bari mai ɗori ya ja ƙafar nan.